Hijabi Ba Sai Baƙi Ba

Mutane da dama sun daɗe suna ɗauka cewa hijabin da ba baƙi ba bai cika ba, har ana yi wa mai ruwan toka ko ruwan ƙasa kallon mai sakaci. Shari'a ba ta ƙayyade launi ba. Aya ta 31 a Suratun Nur ta umarci mata su sauko da mayafansu a kan ƙirazansu, aya ta 59 a Suratul Ahzab kuma ta yi maganar lulluɓi. Babu wadda ta ambaci baƙi. A Sahihul Bukhari ma, matar da wani sahabi mai suna Rifa'a ya saki ta je wurin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, sanye da koren mayafi.

Abin da malamai suka shardanta shi ne kauri, yalwa da rufe jiki. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce mafi ƙarancin suturar mace a sallah ita ce riga mai kauri da ta rufe bayan ƙafafunta, da mayafi.

A nan ake yawan tuntuɓe. Baƙin yadi shara-shara yana nuna wuya da damtse da zarar an shiga rana, don haka kafin ki saya, ki sa hannunki a bayansa ki ɗaga wa haske. In kin ga fatarki, ki bar shi. Yadi mai roba kuma yakan lafe a jiki ya fito da siffa. Ki ɗaga hannu kamar za ki yi kabbara, ki duba ko tsintsiyar hannu ta buɗe.

Launi mai ƙyalƙyali da ke jan ido ne kawai abin gudu, domin ya zama ado.