Mai Shirya Farautar Safari a Kudancin Afirka

Mai shirya farautar safari mutum ne ko kamfani da ke da lasisin karɓar baƙin mafarauta daga ƙasashen waje. Shi ke nema masu filin farauta da takardun izini, ya tanadi masauki da abinci da mota da ma'aikata. Kalmar safari daga Swahili ta fito, tushenta Larabci ne, kamar dai kalmar safara ta Hausa. Sana'ar ta fi ƙarfi a Afirka ta Kudu da Namibiya, sai Zimbabuwe da Tanzaniya da Zambiya da Mozambik. Kenya, inda harkar ta yi suna tun zamanin mulkin Ingila, ta haramta farautar manyan namun daji a 1977. Botswana ta dakatar da ita a 2014, ta sake buɗewa a 2019.

Masu sana'ar sun raba namun daji gida biyu. Akwai masu haɗari: zaki, damisa, giwa, ɓauna da karkanda. Sauran kuma su ne namun fili, wato dangin barewa da kanki da gwamki, da jakin dawa da gadu, da irin waɗanda ba a san su a ƙasar Hausa ba kamar impala da niyala da wata babbar barewa da ake kira kudu. Farautar namun fili ta fi araha nesa ba kusa ba, don haka da ita yawancin baƙi ke farawa, su yi kamar mako guda ko kwana goma a daji.

Mutum uku a ciniki ɗaya

Sau da yawa baƙo yana rikita mutum uku da aikinsu ya bambanta. Dillali yana zaune ne a Amurka ko Turai, yana haɗa ciniki ya karɓi la'ada. Mai shiryawa shi ne mai lasisi, shi ke ɗauke da nauyin yarjejeniya. Ƙwararren maharbi kuma shi ke shiga daji da baƙo tare da masu bin sawu, shi ke duba dabba ya ce wannan tsohon namiji ne a harba, ko kuma a ƙyale shi. Doka a Afirka ta Kudu da Namibiya ba ta yarda baƙo ya yi farauta ba tare da maharbi mai rajista ba. Wani lokaci mai shiryawa shi ne maharbin da kansa, wani lokaci kuwa hayar sa yake yi na kaka ɗaya. Wanda ya yi hira da mai kamfani a taron kasuwa ya ji daɗinsa, yana iya sauka daga jirgi ya tarar da wata fuska dabam, shi ya sa gogaggu ke neman a rubuta sunan maharbin a yarjejeniya.

Kowace ƙasa da ƙungiyar masu sana'ar. An kafa NAPHA ta Namibiya a 1974, PHASA ta Afirka ta Kudu kuma a 1978. Zama ɗan ƙungiya ba lasisi ba ne; lasisi daga hukuma yake fitowa, a Afirka ta Kudu ma kowane lardi ne ke ba da nasa. Amfanin ƙungiya shi ne akwai inda za a kai ƙara. Ita kanta PHASA ta rabu a 2017 kan batun harbin zakunan da aka haifa a keji, wasu 'ya'yanta suka fice.

Fili shi ne jari

Abin da baƙo ke saye a gaskiya shi ne damar shiga wani fili, ba ɗakin kwana mai kyau da ake nunawa a hoto ba. A nan ne kamfanoni suka fi bambanta, kuma dalilin yana cikin tarihin doka. Namibiya ta ba masu gonaki ikon cin moriyar wasu namun daji tun 1967, sannan a 1996 ta faɗaɗa wannan iko ga al'ummomin karkara da suka kafa gandun kiyaye namun daji na haɗin gwiwa. Afirka ta Kudu ta yi doka a 1991 da ta mallaka wa mai gona dabbobin da ya kewaye da shinge mai inganci. Daga nan manoma da yawa a lardunan Limpopo da Gabashin Kef suka rage kiwon shanu da tumaki suka koma kiwon namun daji. Dabbobi sun yawaita, amma shinge ma ya yawaita.

Shinge a kan kansa ba laifi ba ne. Gona mai faɗin hekta dubbai, inda dabbobi ke haihuwa su tsufa a ciki, tana ba da farauta ta haƙiƙa, a yi ta bin sawu tun asuba har rana ta take ba a samu komai ba. Ƙaramin fili kuwa, inda ake sayo namiji mai dogon ƙaho daga gwanjo a sake shi kwanaki kaɗan kafin baƙo ya iso, sunan farauta kawai ya ara. Saboda haka ake tambayar faɗin filin, ko a dunƙule yake ko gutsattsari ne da sai an yi tafiyar awoyi tsakaninsu, ko na mai shiryawa ne ko haya, da kuma baƙi nawa ke shiga a kaka guda. A Tanzaniya da Zambiya da wasu sassan Zimbabuwe, gwamnati ko al'umma ce ke ba da hayar daji marar shinge tare da adadin dabbobin da aka yarda a harba a shekara. Haka tsarin yake a arewacin Kamaru, a yankunan farauta da ke kewaye da gandun dajin Binuwai da Faro da Buba Njida, inda baƙi ke sauka ta Garwa da rani.

Kuɗi da takardu

Kuɗin kashi biyu ne: na kowace rana, wanda ya ƙunshi masauki da maharbi da mota, da kuɗin kowace dabba da aka harba. Dabbar da aka raunata ta tsere, muddin an ga jini, ana biyan kuɗinta cif. Idan baƙi biyu suka haɗu a hannun maharbi ɗaya kuɗin rana yana sauka. Abubuwan da kan ba sabon shiga mamaki su ne waɗanda ba a sa cikin farashin talla ba: ɗauko shi daga filin jirgi, hayar bindiga da harsasai, haraji, tukuicin ma'aikata, sai kuma gyaran fata da ƙaho da jigilarsu zuwa gida, wanda kan ɗauki watanni. Ana kuma duba sharaɗin kafin alƙalami idan tafiya ta fasa.

Mai shigowa da bindigarsa Afirka ta Kudu yana cike takardar 'yan sanda mai lamba SAPS 520, tare da wasiƙar gayyata daga mai shiryawa. Wasu dabbobin, kamar jakin dawa na kan duwatsu da ke Namibiya, suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1973 kan cinikin namun daji da tsirrai da ke fuskantar barazanar ƙarewa, sai da izini na musamman ake fitar da fatarsu. Kakar farautar baƙi a Namibiya tana farawa 1 ga Fabrairu ta ƙare 30 ga Nuwamba, amma an fi cika daji daga Mayu zuwa Agusta, lokacin sanyin kudu, sa'ad da ganye ya zube, dabbobi kuma suka tattaru a bakin ruwa.

Manyan tarukan ƙungiyoyin mafarauta na Safari Club International da Dallas Safari Club da ake yi a Amurka a farkon shekara su ne kasuwar da ake ƙulla ciniki da yawa. Mai shiryawa kan miƙa sunayen tsofaffin baƙinsa don a tuntuɓe su, sai dai ba wanda zai ba da sunan wanda suka rabu dutse a hannun riga. Masu wayo sukan nemi lambar waɗanda suka zo a kakar da ta gabata, har da wanda ya koma gida bai samu dabbar da ya zo nema ba.