Masu shan sigari, a yi hattara da ƙwayar beta-karotin

Jama'a wannan maganar ta masu shan sigari ce, da waɗanda suka daina, da matan da ke saya wa mazajensu ƙwayoyin bitamin wai don su wanke musu huhu. Niyyar mai kyau ce amma akwai matsala.

Beta-karotin shi ne sinadarin da ke ba karas kalarsa, yana cikin mangwaro da koren ganye, jiki yana juya shi zuwa bitamin A daidai buƙatarsa. A cikin abinci ba shi da laifi ko kaɗan. Da masana suka lura masu yawan cin kayan lambu ba su cika kamuwa da kansar huhu ba, sai aka ce to bari a zuba shi a ƙwaya a ba mutane da yawa.

An gwada kuwa. A ƙasar Finlan an bi maza masu shan sigari 29,133, wasu ana ba su miligiram 20 na beta-karotin kullum, da sakamako ya fito a 1994 sai aka ga kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a wurin masu shan ƙwayar. A Amurka ma binciken CARET ya ɗauki mutum sama da 18,000, masu shan taba da ma'aikatan da suka shaƙi ƙurar asbestos (wani ma'adini da ake sa wa a kayan gini), ana ba su miligiram 30 haɗe da bitamin A, dole aka tsayar da shi a 1996 tun lokacinsa bai yi ba saboda kansar ta ƙaru da kashi 28, mace-mace kuma da kashi 17. Abin da aka bayar don kariya fa kenan.

To me ya jawo haka? Jikinmu kullum yana fitar da wasu sinadarai masu kaifi da ake kira firi radikal, in suka fi ƙarfin abin da ke kashe kaifinsu sai su riƙa cin ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Beta-karotin ɗan daidai yana taimakawa wajen tare su. Amma huhu wuri ne mai yawan iskar oksijin, ga hayaƙin taba cike da waɗannan sinadarai, ga beta-karotin ɗin an loda shi fiye da ƙima, sai shi kansa ya farfashe, gutsattsarin nan nasa kuma su ne fitinar. A ɗakin gwaji an ga suna raunana mitokondiriya, ɓangaren da ke samar wa ƙwayar halitta kuzari, suna rage glutatayon da ke ba ta kariya, har DNA, ma'ajiyar bayanan gado da ke cikinta, suna taɓawa. Kuma suna dagula aikin bitamin A na tsara yadda ƙwayoyin huhu za su girma, a 1999 an ga fatar cikin huhun dabbobin gwaji ta canza bayan an ba su beta-karotin da yawa tare da hayaƙin taba.

Don Allah kar wani ya karanta wannan ya daina cin karas, ko ya hana a ɗiga wa yaronsa bitamin A da ake ba 'yan wata 6 zuwa 59, wannan abu ne daban kuma yana ceton rai da ido. In tafin hannu ya yi rawaya saboda yawan cin karas ba komai ba ne, zai washe, amma in farin ido ne ya yi rawaya to wannan shawara ce, sai asibiti.

Mai shan taba ko wanda ya taɓa sha, ka juya kwalbar ka karanta bayanta kafin ka saya, har da ƙwayoyin gyaran ido, don tsohon haɗinsu akwai beta-karotin miligiram 15 a ciki, bayan binciken AREDS2 na 2013 ne aka maye gurbinsa da wasu sinadarai 'yan uwansa, lutin da ziyazantin. In rubutun ya shige maka duhu ka miƙa wa likita ko mai kemis ya duba, kuma kar ka ɓoye masa kana shan sigari.