Fahimtar juna da shirin aure a ƙagaggun labarai

A nazarin adabi, fahimtar juna da shirin aure jigo ne da ke duba yadda taurari biyu na ƙagaggen labari, wasan kwaikwayo ko fim suke kaiwa matsayin da mai karatu zai yarda sun isa zama miji da mata. Da yake marubuci ba shi da mudun auna zuciya, shaidar da yake kawowa ita ce abin da taurarin suka iya faɗa wa juna da abin da suka haɗiye. A galibin irin waɗannan labarai akwai wata gaskiya da ɗaya ya sani, ɗayan bai sani ba, kuma ba a ɗaura aure mai ɗorewa sai ta fito fili.

Tarihi

Tsofaffin wasannin barkwanci na Turai sun saba rufewa da biki, amma abin da ke hana auren yawanci daga waje yake zuwa: uba mai taurin kai, ko rashin sanin asalin yarinya. Da an kawar da shi, shi ke nan. Masana da yawa suna ganin juyin ya soma ne wajen tsakiyar ƙarni na 18, lokacin da labarai masu zubin wasiƙu suka yi tashe a Ingila. A littafin Pamela na Samuel Richardson, wanda ya fito a 1740, maigidan da ke farautar 'yar aikin gidansa ya sauya niyya zuwa aure ne bayan ya karanta rubuce-rubucenta. Sai dai sauyin bai gamsar da kowa ba, domin a 1741 Henry Fielding ya fitar da Shamela yana yi masa shaguɓe.

Jane Austen ce ta mayar da shamakin cikin zukatan masoyan. Pride and Prejudice, na 1813, babi 61 ne, kuma an nemi auren Elizabeth daga bakin Darcy sau biyu. A babi na 34 ya zo da girman kai, yana lissafa mata ƙasƙancin danginta a cikin neman, ta ƙi shi, ta kuma faɗa masa dalilanta ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Washegari ya miƙa mata doguwar wasiƙa yana amsa zarge-zarge biyu da ta yi masa. Ta karanta, ta sake karantawa, ta gane ita ma ta yanke hukunci da rabin labari. Neman na biyu bai zo ba sai babi na 58, bayan kowannensu ya gyara abin da ɗayan ya nuna masa, kuma hirar da ta biyo baya ta bitar laifuffukansu ce. Wannan tsari na ƙi, bayani, gyara, sannan amincewa, shi ne marubutan soyayya suka fi gada.

Marubutan da suka biyo baya sun fi damuwa da sirrin da ake shiga aure da shi. A Jane Eyre na Charlotte Brontë, 1847, a cikin coci aka dakatar da ɗaurin aure saboda ango yana da matar da ya ɓoye. Amaryar ta tafi, ba ta dawo ba sai da ta sami gadon da ya sa ta tsaya da ƙafafunta. Leo Tolstoy, a Anna Karenina da aka riƙa bugawa kashi-kashi daga 1875 zuwa 1877, ya nuna fuska biyu na al'amarin a kan mutum biyu. Levin ya rubuta wa Kitty haruffan farko na kalmomi da alli a kan tebur, ta gane jimlar ba tare da ya furta ba. Kafin biki kuma ya ba ta kundin ajiyar sirrinsa, ta karanta abubuwan da ya aikata a baya, ta yi kuka, ta yafe. Shi kansa Tolstoy haka ya yi wa Sofiya kafin aurensu a 1862.

Misalin da ya fi ciwo yana cikin Tess of the d'Urbervilles na Thomas Hardy, 1891. Tess ta rubuta wa Angel abin da ya same ta a baya, ta tura takardar ta ƙarƙashin ƙofarsa, sai ta shige ƙarƙashin darduma. Ganin fuskarsa ba ta sauya ba, ta ɗauka ya karanta ya yafe. Ranar biki ta tarar da takardar a rufe yadda ta bar ta. A daren farko shi ya fara bayyana nasa laifin, ta yafe masa nan take, da ta faɗi nata sai ya juya mata baya. Hardy ya nuna cewa faɗin gaskiya rabin aiki ne, sauran rabin yana wuyan mai saurare.

Wasu kuma sun soma daga inda saura suke tsayawa. Middlemarch na George Eliot, 1871 zuwa 1872, ya aurar da Dorothea tun da wuri don a ga abin da gaggawa ke haifarwa, kuma wasan A Doll's House na Henrik Ibsen, 1879, ya ƙare da mata tana tunatar da mijinta cewa shekara takwas suna tare ba su taɓa zama sun yi magana mai nauyi ba.

Sassan zubi

A 2003 manazarciyar adabi Pamela Regis ta lissafa abubuwa takwas da labarin soyayya ke tsayuwa a kansu: bayanin al'ummar da ake ciki, haɗuwa, shamaki, shaƙuwa, furta so, lokacin da aka fid da rai, gane mafita, da alkawarin aure. Jigon fahimtar juna yana zaune ne tsakanin shamaki da gane mafita.

Don shiru tsakanin masoya ya yi tasiri, ana buƙatar abu uku. Dole abin da aka ɓoye ya shafi zaman aure kai tsaye, kamar bashi, tsohuwar alaƙa, rashin lafiya, ko ƙin haihuwa. Dole mai ɓoyewa ya kasance da dalilin da ya fito daga halinsa ko matsayinsa, kunya ce, alkawarin da ya ɗauka wa wani ne, ko tsoron rasa abin dogaro. Na uku, faɗin ya kasance da asara ta gaske, yadda mai karatu zai ji cewa bakin da ya buɗe zai iya rushe komai. Shirin aure kuma da aiki ake nuna shi: a sa tauraron cikin yanayi irin wanda ya faɗi a kansa da farko, a ga ya yi daban. Darcy ya taimaki dangin da ya rena, bai kuma so a gaya wa Elizabeth ba.

Inda ake tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne saɓanin da tambaya ɗaya za ta warware: an hango saurayi da wata mace, ashe ƙanwarsa ce, amma aka ja babi goma ana gaba. Masu sharhi suna kiran irin wannan da sunan da ke nufin zubin wawaye, laƙabin da ake dangantawa da marubuci James Blish, mai sharhi Roger Ebert kuma ya yaɗa shi a sharhin finafinai. Akwai kuma tuban dare ɗaya, inda mai mugun hali ya yi jawabi mai daɗi a shafukan ƙarshe aka ɗauka ya shiryu. Wani lokacin haɗari ko jinya ake kawowa su maye gurbin hirar da ta kamata a yi. Akasin haka ma aibi ne: taurarin da ke zayyana duk abin da ke ransu dalla-dalla, kamar masu karanta rahoto, ba sa barin wa mai karatu abin da zai gano da kansa.

A fim da rubutun zamani

Masanin falsafa Stanley Cavell, a 1981, ya nazarci finafinan Amurka bakwai na 1934 zuwa 1949 waɗanda jigonsu yake kallo a matsayin komawa aure, inda hirar ma'auratan ce ginshiƙi. Wayar hannu ta kashe dabarar wasiƙar da ta ɓata, shi ya sa marubutan yanzu suka fi jingina shiru da tsoro ko tabon da tauraro ya taso da shi.

Saɓanin manazarta

Wasu na ganin rufe labari da aure taƙaita rayuwar mace ne, wasu na ganin tabbatar mata da zaɓinta ne. Ko waɗannan labarai suna sauya abin da masu karatu ke tsammani daga aure, wannan ma ba a daidaita a kansa ba.