Ɓoye bayanai daban, niƙa kalmar sirri daban

Matashin da ya rubuta manhaja a Katsina, ta adashe ce ko ta lissafin shago, in ya zo ɗora ta a App Store, rumbun manhajoji na kamfanin Apple, sai an tambaye shi ko tana ɓoye bayanai. Dokar Amurka ce ta haifi tambayar, domin manhajar da aka sauke daga rumbun Apple zuwa wata ƙasa, a idon dokar kaya ne da aka fitar daga Amurka.

Har zuwa 1996 Amurka na lissafa fasahar ɓoye saƙo mai ƙarfi cikin kayan yaƙi. Phil Zimmermann, wanda ya saki PGP, manhajar ɓoye saƙo, a 1991, ya sha binciken hukuma kusan shekara uku. A ƙarshen 1996 aka mayar da lamarin hannun Ma'aikatar Kasuwanci, a 2000 kuma aka sassauta ƙwarai.

Abin da dokar ke dubawa shi ne aikin da manhaja ke yi. Ɓoye bayani na nufin a kulle shi, mai mabuɗi ya buɗe ya karanta. Nan takunkumin yake. Kalmar sirri kuwa niƙa ta ake yi, kamar geron da ya zama gari, ba ya komawa tsaba. In ka zo shiga, sai a niƙa abin da ka rubuta a gwada da wanda aka ajiye. Wannan tantance mutum ne, kuma dokar ta cire tantancewa da sa hannun lantarki daga takunkumin.

Masu tsarin sarrafa kwamfuta na Unix na dā sun ɗanɗana kuɗarsu saboda haɗa biyun. Hanyarsu ta niƙa kalmar sirri a kan DES, wata dabarar ɓoye bayani, aka gina ta, laburaren manhajar da take ciki kuma yana ɗauke da abin kullewa da buɗewa, sai dokar ta hau kansa baki ɗaya. FreeBSD, wani tsari dangin Unix, ta raba shi: a 1994 Poul-Henning Kamp ya rubuta wata hanya a kan MD5, dabarar da niƙa kawai take yi, da za a iya aikawa ko'ina, na DES aka ware shi gefe. Debian ma, wani tsarin makamancinsa, ta yi shekaru tana ajiye irin waɗannan manhajoji a na'urar da ke wajen Amurka.

A ganina wannan rabon har yau shi ne daidai, ko da Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka haramta wa kayan, irin su Iran da Koriya ta Arewa da Kuba. Ka ware ɓangaren tantancewa, ka yi shi da dabarun niƙa irin su bcrypt ko Argon2, domin MD5 ta tsufa. Ɓangaren ɓoyewa ka jingina shi da abin da ya zo da wayar, kamar HTTPS, hanyar da ke kulle saƙo tsakanin waya da intanet. Kada ka ƙirƙiro taka dabarar: tun 2021, manhajar da aka baza wa kowa tushen rubutunta (source code) ba ta buƙatar sanar da hukumar Amurka sai in ta yi amfani da hanyar ɓoyewa da ba sananniya ba.