Ƙananan littattafai masu zane: tambayoyin da iyaye ke yi a Sakkwato

Duk lokacin komawa makaranta shagunan littattafai na cikin garin Sakkwato kan cika da iyaye, amma kusan kowa littafin darasi ya zo nema. Ɗan siririn littafin labari mai zane kuwa sai a ɗaga, a jujjuya, a mayar. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane irin littafi ake nufi?

Littafi ne gajere wanda zane da rubutu ke ɗauke da labari tare. Yawanci shafi 16 ne, ko 24, ko 32, domin a maɗaba'a babbar takarda ake bugawa a ninke, sai shafuka su fito takwas-takwas. Jimla ɗaya ko biyu a kowane shafi, a zama guda an gama.

Rabin littafin duk hoto ne. Ba asarar kuɗi ba ce?

Ko kusa. Yaro ɗan shekara uku ko huɗu bai san baƙi ba, amma ya san jaki. A ce shafin ya nuna jaki ɗauke da buhunan albasa za shi kasuwa, rubutun ƙasa ya ce, "Malam Audu ya yi sammako." Uwa na karantawa, yaron ya ɗora yatsa a kan buhun baya, ya ce, "Inna, duba, ya huje!" Rubutun bai faɗi haka ba, mai zanen ne ya faɗa, kuma yaron ya riga uwar gani. Tun kafin a buɗe shafi na gaba ya fara hasashen abin da zai faru. Wannan fahimtar labari ce, ita ce kuma malaman firamare ke fama su samu daga ɗalibin da ke iya haɗa baƙi amma bai san abin da ya karanta ba.

Zai ce a maimaita masa gobe da jibi. Kada a ƙosa. A maimaicin ne yake gane cewa tsayayyun kalmomi ne a kan takardar, ba sa sauyawa.

Me ya haɗa manya da littafin yara?

Da yawa. Mutumin da ya fara koyon boko da furfura, idan aka miƙa masa littafi mai shafi 200 sai gwiwarsa ta yi sanyi. Littafin da zai kammala a dare ɗaya shi ke ba shi ƙarfin ɗaukar na biyu. An san haka tun lokacin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, da hukumar NORLA ta Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai domin sababbin masu koyon karatu. Mu nan Sakkwato ma ba baƙin wannan dabara ba ne: Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, waƙoƙi masu sauƙin hadda ta riƙa ba jajis ɗinta, wato shugabannin ƙungiyar mata masu neman ilimi ta 'Yan Taru, su kai wa matan ƙauyuka. Sai dai babba ba ya son a mai da shi yaro. A ba shi labarin noma, ko haihuwa, ko bashi da amana, da zane na mutunci.

To batun zanen abu mai rai fa?

Tambaya ce mai nauyi, kuma malamai sun yi saɓani a kai. Da yawansu sun sassauta a abin da ya shafi yara da koyarwa, suna kafa hujja da hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha (RA) ta yi wasa da 'yar tsana. Wasu sun tsananta. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, kuma akwai littattafan da zanensu itatuwa ne, gidaje da kayan aiki.

Ina ake samun na Hausa?

A nan gizo ke saƙa, don na Turanci sun fi yawa a shago. Shirin Mu Karanta!, wanda aka gudanar a jihohin Sakkwato da Bauchi da tallafin USAID ta Amurka, ya raba wa 'yan aji 1 zuwa 3 littattafan Hausa. A intanet kuma, African Storybook da StoryWeaver suna da labarai da Hausa kyauta, ana karantawa a waya ko a buga. A dai duba tukuna, don wasu fassara ce da ba ta nuna ba.

Mai son ya rubuta irinsa, daga ina zai fara?

Daga bakin tsofaffin gidansu, inda Gizo da Ƙoƙi suke. Ya ninke takardu huɗu su ba shi shafi 16, ya raba labarin a kai, ya karanta wa yaran unguwa da ƙarfi. Inda suka fara waige-waige, ya rage magana. Ya nemi mai zane wanda ya san yadda jar akuyar Sakkwato take, da kwalekwale a Gulbin Rima, da rumbun laka. Kafin a buga kuma ya bi shafi-shafi ya tabbatar ɓ, ɗ, ƙ da 'y sun fito daidai, domin abin da mai koyo ya fara gani shi zai riƙe.