Sunan Mainasara: daga ina ya fito, kuma dangi ɗaya ne masu shi?

Mene ne ma'anar sunan?

Kalma biyu ce aka haɗa: "mai" da "nasara", wato wanda ya ci galaba. Ita nasara daga Larabci Hausa ta aro ta, tushenta ɗaya da na Nasiru da Mansur. Asalinsa laƙabi ne, ba sunan yanka ba. Ana yi wa jarumi kirari da shi, ko a liƙa wa yaron da haihuwarsa ta zo daidai da wata galaba a gidan, har laƙabin ya danne sunan da liman ya raɗa ranar bakwai.

Yana da alaƙa da Nasara, wato Turawa?

Ko kusa. A Maradi da an ce "anasara" Bature ake nufi, shi ya sa wasu ke tsokanar masu sunan da cewa kakansu yaron Bature ne. A rubutun boko ne kawai kalmomin suka yi kama. A baki kowane Bahaushe yana bambanta su, don ta Turawan ana jan wasalinta na tsakiya.

Duk Mainasara dangi ɗaya ne?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Bahaushe ba ya da sunan gida mai bin zuriya kamar na Faransawa. Yaro sunan ubansa yake ɗauka: Sani ɗan Mainasara ya zama Sani Mainasara, shi kuwa ɗan Sani sai a ce masa Habu Sani, kakan ya fita ke nan. Rajistar lakwal da takardun gwamnati tun zamanin mulkin Faransa su suka fara daskarar da suna, har wasu gidaje suka riƙe na kaka zuwa jikoki. Saboda haka Mainasaran unguwar Zariya da na unguwar Bagalam a Maradi suna iya zama gari ɗaya ba su haɗa ko kakan kaka ba. Mai neman asali ya tambayi garin da kakanni suka taso da irin tsagar gidan, Gobirci ce ko Katsinanci. Suna kaɗai ba ya kai mutum ko'ina.

A ina aka fi jin sa?

Yamma: ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, Kabi, Sakkwato da Zamfara. Ɗaya daga cikin sarakunan Kabi na Argungu a tsakiyar ƙarni na 19 sunansa Yusufu Mainasara. A Nijar wanda ya fi yaɗa shi shi ne Janar Ibrahim Bare Mainasara, Ba'are, da ya karɓi mulki ranar 27 ga Janairu 1996, aka kashe shi a filin jirgin saman Yamai ranar 9 ga Afrilu 1999.

Me ya sa a takardunmu na Nijar ake rubuta Maïnassara?

Ƙa'idar Faransanci ce. In aka bar "ai" haka, Bafaranshe "e" zai karanta, sai aka ɗora wa "i" ɗigo biyu don a raba su. Harafin "s" guda tsakanin wasula biyu kuma "z" yake zama a bakinsu, sai aka ninka shi. Da an ƙetare Ɗan Isa aka shiga Jibiya ta Najeriya, Mainasara ake rubutawa, ba ɗigo ba ninki.

Wannan bambancin yana jawo matsala?

Sosai, musamman ga ɗalibai da ƴan kasuwa masu takardu a ƙasashen biyu. Takardar haihuwa ita ce uwa: daga gare ta ake kwafe suna zuwa katin ɗan ƙasa, fasfo da takardar shaidar jarrabawa. In malamin ma'aikatar magajin gari ya rubuta Mai Nassara a rarrabe, lakwal kuma ta rubuta Maïnassara a haɗe, ranar jarrabawar BEPC (ta kammala zangon farko na sakandare) ko neman fasfo za a ce mutum biyu ne. Uba ya duba harafi-harafi tun kafin ya bar ofishin, ya kuma tabbata an sa sunan yaro da nasa kowanne a gurbinsa. In kuskuren ya riga ya shiga rajista, kada a goge ko a gyara da biro, don takardar ta lalace ke nan. Kotu ake zuwa da takardun uban a nemi hukuncin gyara.