Linux da Katin Sauti a Aikin Haɗa Kiɗa

Linux buɗaɗɗiyar babbar manhaja ce da Linus Torvalds ya fara rubuta ƙwaryarta (kernel), wato zuciyarta da ke sarrafa sassan kwamfuta, a 1991. Kowa na da damar duba lambobinta, ya gyara, ya rarraba. Masu haɗa kiɗa suna amfani da ita wajen ɗaukar murya, tace sauti da haɗa waƙa. Sai dai nasarar aikin ta fi rataya a kan katin sautin da aka saya, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta da fitar da shi, fiye da irin Linux ɗin da aka ɗora wa kwamfuta.

Sauti a Linux hawa-hawa yake tafiya. A ƙasa akwai ALSA, wadda ke magana da na'ura kai tsaye. A samanta akwai JACK, wadda Paul Davis ya ƙirƙira domin manhajoji su riƙa miƙa wa juna sauti kamar an haɗa su da waya. Daga baya PipeWire ta Wim Taymans ta zo ta haɗe aikin JACK da na PulseAudio, manhajar da ke kula da sautin yau da kullum a kwamfuta, wuri guda. Fedora 34, wani nau'in Linux, ce ta fara mayar da ita tsarin sautinta na asali a 2021.

Babbar damuwar mai ɗaukar murya ita ce jinkiri, wato tazarar da ke tsakanin lokacin da mawaƙi ya rera da lokacin da ya ji kansa a kunne. Kwamfuta tana tara sauti gutsure-gutsure kafin ta sarrafa shi. Idan aka saita ta tara samfuri 128 (samfuri shi ne awo ɗaya na sauti) a gudun samfuri 48,000 cikin daƙiƙa, kowane gutsure yana cin kusan milisakan 2.7; idan aka kai 256, ya ninka. Ƙaramin gutsure yana rage jinkiri, amma yana matsa wa kwamfuta, kuma da zarar ta gaza sai a ji ƙas-ƙas a cikin sauti. Saboda haka ne ake son ƙwaryar da ke ba sauti fifiko. Gyaran PREEMPT_RT, wanda ke taimakawa wajen ba da wannan fifiko, bayan shekaru yana zaman kansa, ya shiga ainihin ƙwaryar Linux 6.12 a 2024.

Ubuntu Studio, wadda ta fito a 2007, da AV Linux, nau'o'in Linux da aka tsara don aikin sauti da bidiyo, suna zuwa da waɗannan saituna a shirye. Ga sabon shiga, wannan ya isa dalilin zaɓarsu.

Wajen katin sauti kuwa, a nan ake yin asara. Kamfanoni da yawa ba sa rubuta wa Linux direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura. Mafita ita ce katin USB mai bin ƙa'idar USB Audio Class, domin da an jona shi ALSA za ta gane shi. Duk da haka a kula: kati na iya ɗaukar sauti lafiya lau, alhali manhajar da ke juya saitunansa na ciki ta Windows da macOS ce kaɗai. Katin da maɓallansa ke jikinsa ya fi kwanciyar hankali. Jerin katunan Scarlett na kamfanin Focusrite sun samu sauƙi, tunda Geoffrey Bennett ya rubuta musu direba da manhajar saiti. Tsofaffin katunan da ake jonawa ta mahaɗar FireWire sun daɗe suna dogaro da direbobin FFADO. A kuma duba ko katin yana ba da wutar bolt 48 da makirufon kondensa ke buƙata.

Ta fuskar manhajojin aiki, akwai Ardour, Qtractor, LMMS da Audacity, dukkansu buɗaɗɗu, sai Reaper da Bitwig Studio na kuɗi masu gudana a Linux. Pro Tools, Ableton Live da FL Studio ba su da sigar Linux, abin da ya kamata mai aiki da wasu situdiyo ya auna tun kafin ya sauya. Ƙananan manhajojin tace sauti suna zuwa a tsarin LV2, VST da CLAP, kuma yawancin na Windows ana iya gudanar da su ta manhajar yabridge tare da Wine, wadda ke gudanar da manhajojin Windows a Linux, ko da yake masu kullen lasisi sukan ba da wahala.